Yadda sabon ɗan wasa zai gyara bugun kusa da rami a WGT Golf

Auwalu Fagge ya rubuta:

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni daɗewa a wasan ƙwallon lambu na intanet, wato WGT Golf, wanda nake bugawa a waya tun bayan ƙaramar sallah. Yanzu ina matakin Amateur, kuma har yau da sanduna da ƙwallon da wasan yake bai wa kowa kyauta nake amfani.

Matsalata ba a bugun nesa take ba. Daga wurin farawa nakan aika ƙwallon tsakiyar fili a mafi yawan ramuka, bugu na biyu kuma yakan kawo ni kusa da girin, wato shimfiɗaɗɗiyar ciyawar nan da ramin yake cikinta. Daga nan ne al'amari yake lalacewa. Idan ya rage yadi 20 ko 30 ko 40 zuwa tutar da ke kafe a ramin, ba na sanin irin bugun da ya kamata in zaɓa, ba na kuma sanin inda zan tsayar da mitar ƙarfi. Wani lokaci ƙwallon ta tashi ta wuce tuta ta gangara bayan girin, wani lokaci kuma ta yi tsalle ɗaya ta tsaya a gabana cikin doguwar ciyawa. Rami mai ƙa'idar bugu 4, wanda na zo bakinsa da bugu 2, sai in tashi daga gare shi da 6, alhali abokin karawata da bai kai ni nisan bugu ba ya tashi da 4.

Tambayoyina su ne kamar haka. Mene ne ainihin bambancin da ke tsakanin bugun fanci da fici da cif da fulof, kuma a wane hali ake ɗaukar kowannensu? Akwai hanyar da mutum zai san ƙarfin da zai sa ba tare da kintace ba? Sannan idan na hau girin, me ya sa ƙarfin da ya kai ƙwallon rami a wasan jiya yake wuce da ita a wasan yau, alhali tazarar ɗaya ce? Na fi buga filayen St Andrews da Pebble Beach, idan hakan zai taimaka wajen ba ni amsa. Allah Ya saka da alheri.

Malam Habu Tudun Wada ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam Auwalu. Barka da shigowa, kuma ka kwantar da hankalinka, domin abin da ka bayyana shi ne wurin da kusan kowane sabon ɗan wasa yake zubar da maki. Zan ɗauki tambayarka ta biyu kafin ta farko, saboda a ganina ita ce tushen al'amarin.

Lambar yadi da wasan yake rubutawa a jikin kowace sanda tana gaya maka nisan cikakken bugu ne kawai, a fili mai laushi, ba iska, ba hawa ba gangara. Kada ka ɗauka cewa rabin mita zai ba ka rabin wannan nisa, domin ba haka sandunan weji, wato gajerun sanduna masu kwantacciyar fuska na bugun kusa, suke aiki ba, musamman idan ka sauko ƙasa da kashi 70 cikin 100 na ƙarfi, inda ƙwallon take tashi ƙasa-ƙasa ta sauka ta ci gaba da gudu. Saboda haka aikin farko da ke gabanka shi ne auna sandunanka da kanka. Ka buɗe zagayen atisaye, wanda ba ya shiga lissafin matsakaicin makinka, ka zaɓi iska mafi rauni, ka nemi rami mai shimfiɗaɗɗen girin. Ka ɗauki weji ɗaya, ka buga da cikakken ƙarfi, sannan da kashi 90, da 80, da 70, kana amfani da damar maimaita bugu daga wuri ɗaya. A kowane bugu ka rubuta abu biyu: inda ƙwallon ta fara sauka, da inda ta tsaya. Mutane da yawa suna rubuta na biyun kawai, alhali na farkon ne zai cece ka ranar da kwarin yashi ya shiga tsakaninka da tuta. Tela ba ya sa almakashi sai ya ɗauki awo, kuma takardar nan da za ka cika ita ce awonka. Ka ajiye ta kusa da kai duk lokacin da kake wasa.

Sharaɗi guda ne a kan wannan awo: ka yi shi da ƙwallon da za ka riƙa wasa da ita. Kowace ƙwallo tana da nata nisa da nata juyi, kuma ranar da ka sauya ta, lambobinka sun sauya.

Yanzu ga nau'o'in bugun. Cikakken bugu yana tashi sama sosai, ya sauka ya tsaya kusa da inda ya sauka, musamman idan ka ja ɗigon da ke jikin hoton ƙwallon zuwa ƙasa domin ka ba ta juyin baya. Aibinsa shi ne iska tana wasa da shi, saboda ya daɗe a sama. Fanci kuwa yana tafiya ƙasa da cikakken bugu, nisansa bai kai nasa ba, iska kuma ba ta cika karkatar da shi ba. A ra'ayina fanci da weji shi ne bugun da sababbin 'yan wasa suka fi yin sakaci da shi, alhali shi ne yake cike giɓin da ke tsakanin sanda da sanda. A ɗauka kana da weji mai yadi 75 da wata mai yadi 50, tuta kuma tana yadi 62. Maimakon ka rage ƙarfin babbar wejin sosai kana fatan alheri, fancinta da ƙarfi kusan cikakke zai fi ba ka sakamako iri ɗaya kullum. Haka nan daga yadi 25 zuwa 40, wato daidai tazarar da take damunka, fanci da ƙaramar wejinka tare da juyin baya ya fi sauƙin sarrafawa a kan duk wani bugu da na sani.

Fici ɗan gajeren bugu ne mai tashi matsakaici, ya sauka a girin ya yi ɗan gudu. Yana da kyau daga gyararren fili ko ciyawa mara zurfi, a tazarar da ba ta wuce yadi goma sha wani abu ba, gwargwadon sandarka. Cif ya fi shi ƙasa: ƙwallon tana tsallake ɗan abin da ke gabanta ne kawai, sauran tafiyar duk a ƙasa take yi, don haka ba a ɗaukarsa sai kana dab da bakin girin kuma akwai fili mai yawa tsakaninka da rami. Wani amfani da fici da cif suke da shi shi ne, idan ka zaɓe su wasan yana nuna maka zanen gangarar girin, irin wanda kake gani lokacin garawa. Ko da wani bugun za ka yi, ka fara zaɓar ɗaya daga cikinsu ka duba gangarar, sannan ka koma wanda kake so.

Fulof yana tashi tsaye ya faɗo kusan inda za a ce ya tsaya. Ana buƙatarsa idan akwai yashi ko tudu a gabanka, tuta kuma tana kusa da bakin girin. Sai dai ka sani cewa a wannan wasa fulof yana karkata zuwa dama da inda ka saita, don haka dole ka kai alamar saiti hagu da tuta, kuma yawan abin da za ka karkatar shi ma awo ne zai gaya maka. Sababbin 'yan wasa suna son fulof saboda kyan gani, amma ni ba na ɗaukarsa sai sauran hanyoyi sun toshe.

Game da ƙwallon da ka ce tana tsalle ɗaya ta tsaya a gabanka, ina da yaƙinin cif ko fici ka yi daga ciyawa mai zurfi. Kafin kowane bugu wasan yana nuna maka kason nutsewar ƙwallon, misali 20 zuwa 25, ko 40 zuwa 50. Idan ka ga 40 zuwa 50, ka manta da cif gaba ɗaya, domin ba shi da ƙarfin da zai fitar da ƙwallon. A nan fanci ko fulof ko cikakken bugu ake yi, tare da ƙarin ƙarfi, kuma ka sa a ranka cewa juyin baya ba ya kamawa sosai daga irin wannan ciyawa, ƙwallon za ta yi gudu bayan ta sauka.

Abu na ƙarshe a wannan zama shi ne hawa da gangara. Wasan yana ba ka tazara da yadi, amma bambancin tsawo da ƙafa. Ƙafa 3 yadi 1 ne, don haka idan tuta tana yadi 40 kuma ta fi ka tudu da ƙafa 9, ka fara lissafi daga yadi 43.

Injiniya Ɗanlami ya rubuta:

Malam Habu ya yi bayani mai gamsarwa, kuma ba ni da abin da zan cire daga maganar awo. Inda na ɗan saɓa da shi shi ne tsarin fifiko. Idan Malam Auwalu yana tashi da 6 a ramin da ya zo bakinsa da 2, to bugu 4 ya yi a kusa, kuma ina kyautata zaton 3 daga ciki a kan girin aka yi su. Wanda ya daina gara ƙwallo sau uku a girin ɗaya zai ga adadin bugunsa ya ragu tun kafin ya ƙware a fanci ko fulof. Saboda haka zan tsaya a kan tambayarsa ta uku.

Dalilin da ƙarfin jiya yake wuce rami yau shi ne santsin girin ba ɗaya ba ne a kowane wasa. A ainihin filin golf ana auna wannan santsi da wata 'yar sanda mai kwari da ake kira Stimpmeter, wadda Edward Stimpson ya ƙirƙiro bayan ya kalli gasar US Open ta 1935 a filin Oakmont. Ana sakin ƙwallo daga kanta, yawan ƙafar da ta gangara shi ne lambar girin. WGT ya ɗauko wannan tsari, shi ya sa kafin a fara kowane wasa ake rubuta maka saurin girin, daga mai nauyi zuwa matsakaici zuwa mai sauri har zuwa irin na manyan gasa. Wasan da kake bugawa kai kaɗai yana iya zama a kan wani sauri, wanda ka shiga da wani ɗan wasa ko wata gasa kuma a kan wani. Bugu da ƙari, yayin da kake hawa matakai, daga Amateur zuwa Pro, zuwa Tour Pro, zuwa Master, girin yana ƙara santsi, wurin farawa kuma yana ƙara nisa. Don haka karanta saurin girin kafin bugun farko wajibi ne.

Lissafin da yawancinmu muke bi mai sauƙi ne. Ka ɗauki tazarar da ƙafa, ka ƙara ƙafa 1 a kan kowane inci 1 na hawa, ko ka rage ƙafa 1 a kan kowane inci 1 na gangara, sannan ka daidaita abin da ya fito da saurin girin. A ɗauka rami yana ƙafa 20, da hawan inci 4. Wannan ya zama ƙafa 24. A ɗauka kuma awonka ya nuna maka cewa a irin wannan girin kashi 85 cikin 100 na tazara ake bugawa. Sai ka sami ƙafa 20 da ɗan ɗori, wanda a ma'aunin sandar garawa mai ƙafa 30 yake daidai da kashi 68 na mita. Da a ce wannan tazarar gangara ce ta inci 4, da ƙafa 16 za ka fara da ita, ka ƙare a kusan kashi 45 na mita. Ka dubi girman bambancin, alhali duka biyun ƙafa 20 aka rubuta. Kashi 85 ɗin nan misali ne kawai na kawo, naka kason za ka samo shi ne a zagayen atisaye, sau ɗaya ga kowane saurin girin. A girin mai tsananin santsi kuma gangara tana cin fiye da ƙafa 1 ga kowane inci, don haka ka ƙara ragewa.

Wajen karkata hagu ko dama, ka kula da ɗigogin da ke tafiya a kan zanen. Inda suka nufa can ƙasa take gangarawa, saurinsu kuma shi ne tsananin gangarar. Ɗigogin da ke kusa da rami sun fi na kusa da kai muhimmanci, domin a can ƙwallon ta rage gudu, gangara kuma ta fi samun iko da ita. Ka riƙa juya kyamara ka duba daga bayan rami, saboda sau da yawa abin da ya ɓuya daga wannan gefe yana bayyana daga wancan.

Akwai kuma batun abin da mutum yake sa rai. Ƙwararrun PGA Tour kansu, wato jerin manyan gasannin golf na Amurka, daga ƙafa 8, kusan rabin abin da suka gara ne yake shiga. Saboda haka daga ƙafa 25 ko 30 burinka shi ne ka bar ƙwallon inda bugu na biyu ba zai ba ka wahala ba, idan ta shiga kuma alhamdu lillahi. Malamin gajeren bugu Dave Pelz ya shahara da cewa ƙarfin da ya fi dacewa shi ne wanda zai wuce da ƙwallon bayan rami da inci 17 idan ba ta shiga ba. Ina bin wannan a kan hawa da shimfiɗaɗɗen wuri, amma a kan gangara mai santsi nakan bar ta ta isa ramin da ƙyar. Tun da St Andrews kake yawan bugawa, wannan darasi ya shafe ka ƙwarai, domin girin 7 a filin kowanne ramuka biyu yake ɗauke da su, ramuka na 1 da 9 da 17 da 18 ne kaɗai suke da nasu na kansu. Mutum yana iya hawa girin ya tarar da rami yana ƙafa 80 ko fiye. Pebble Beach kuwa akasin haka ne, girin ɗinsa ƙanana ne masu gangara, kuma a can abin da ya fi shi ne ka bar ƙwallon a ƙasan rami domin ka gara ta zuwa sama.

Ina kuma ƙara wa jerin Malam Habu bugu na shida, wato garawa daga wajen girin. Idan kana kan gajeriyar ciyawar da ta kewaye girin, sandar garawa ta fi cif aminci nesa ba kusa ba, ka dai ƙara ɗan ƙarfi saboda ciyawar gefen tana riƙe ƙwallo. Ba abin kunya ba ne ko a wurin manya. Martin Kaymer ya ci US Open ta 2014 a Pinehurst No. 2 da ratar bugu 8, kuma a mafi yawan lokutan da ya kuskure girin sandar garawa ya ɗauka daga waje maimakon weji. Filin nan yana cikin WGT, kuma duk wanda ya ga yadda girin ɗinsa suke da doro suna zubar da ƙwallo ta kowane gefe zai gane dalilinsa.

Auwalu Fagge ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Malam Habu da Injiniya, Allah Ya ƙara basira. Na fara awon da ƙaramar wejina, kuma tuni na ga cewa fanci yana tsayawa wuri ɗaya fiye da yadda na zata. Sauran abu biyu. Na farko, mitar tana yi mini sauri, wani lokaci ma tana ɗan tsayawa ta yi tsalle kafin ta iso layin daidai, sai in buga a makare. Shin sayen ƙwallo ko sabuwar weji zai magance wannan, kuma da wanne ya kamata in fara tun da kiredit ɗina, wato kuɗin cikin wasan, kaɗan ne? Na biyu, ba a taɓo batun kwarin yashi ba, kuma wanda ke gaban girin na rami na 17 a St Andrews ya sha cinye mini zagaye.

Hajiya Binta Zariya ta rubuta:

Malam Auwalu, zan amsa ta farkon, in bar wa malamai ta biyun. Saurin mita da tsallen mita matsaloli biyu ne daban, kuma ɗaya ce kawai kuɗi yake magancewa.

Tsallen daga wayarka yake ko daga layin intanet. Wasan an gina shi da hotunan ainihin filayen masu nauyi, kuma idan waya ta yi zafi, ko ana cajinta lokacin wasa, ko wasu manhajoji suna buɗe a baya, mitar ce take fara nuna alama. Ka rufe sauran manhajoji, ka kashe sanarwar saƙonni, ka cire tsarin tattalin batir, domin yana rage ƙarfin waya. Bayan hoton sabon wuri ya buɗe, ka ɗan dakata kafin ka ja mita. A nan wajenmu na lura cewa da yamma, lokacin da layi ya cika, abin ya fi tsanani, shi ya sa nake barin zagayen da zai shiga lissafin makina zuwa sassafe, in yi atisaye da yamma.

Saurin mita kuwa gaskiya ne ƙwallon saye tana rage shi, tana kuma ƙara juyi. Amma ƙwallon saye tana ƙarewa bayan wani adadin bugu, tana kuma salwanta idan ta faɗa ruwa ko ta fita daga fili, alhali sanda idan ka saya ta zama taka. Saboda haka shawarata ita ce ka fara tara kiredit domin weji mai kyau, mai kwanciyar fuska digiri 60 ko 64, domin ita za ta riƙe maka duk abin da ke ƙasa da yadi 60, kuma bambancin tsayawar ƙwallo tsakaninta da ta kyauta a bayyane yake. Sai dai ka duba kantin wasan da kyau kafin ka saya, saboda kaya suna buɗewa ne gwargwadon lambar matakin gogewarka, kuma a farkon wasa lambar tana hawa da sauri. Ba daɗi mutum ya kashe abin da ya tara, bayan 'yan kwanaki wadda ta fi ta buɗe. Idan ka zo sayen ƙwallo, ka ɗauki mai araha wadda za ka iya ci gaba da saye, ka zauna a kanta. Na fi son ɗan wasa mai ƙwallo matsakaiciya da ya san lambobinta a kan wanda yake sauya masu tsada kowane mako.

Tun da awo kake yi, akwai Shot Pal da Putter Pal, waɗanda suke sa wa mita alamun kaso domin ka san inda kashi 70 ko 85 yake. Wanda ba ya son kashe kiredit a kansu yana iya yanka siririyar takarda daidai tsawon mitar, ya raba ta gida 10, ya manna a gefen gilashin waya. Sannan ka yawaita buga wasannin nan na wanda ya fi kusa da rami, domin kowane bugu a cikinsu na tunkarar tuta ne, kuma ba sa cin lokaci ko data kamar cikakken zagaye.

Malam Habu Tudun Wada ya rubuta:

Hajiya ta gama magana a kan saye, ina tare da ita. Na kuma karɓi gyaran Injiniya game da fifita garawa, sai dai ina ƙara cewa abubuwan biyu a haɗe suke, domin wanda wejinsa take ajiye ƙwallo a ƙafa 5 daga rami ba zai gara sau uku ba.

Game da yashi, ƙanena, ƙa'idar ita ce ta doguwar ciyawa: ka fara duba kason nutsewa, domin ƙwallon da ta zauna a saman yashi da wadda ta nutse ba ƙarfi ɗaya suke so ba. Ka ɗauki wejinka mafi kwanciyar fuska, ka yi cikakken bugu ko fulof idan bangon kwarin yana da tsawo, fanci kuma sai inda bangon gajere ne. Kuskuren da aka fi yi shi ne tausaya wa bugun saboda ganin tuta a kusa, alhali yashi yana cinye ƙarfi mai yawa, kuma ƙwallon da ta wuce tuta da ƙafa 15 ta fi wadda ta dawo ƙarƙashin ƙafarka sau goma. Shi ma yashi a auna shi: ka jefa ƙwallo cikinsa da gangan a zagayen atisaye, ka maimaita da ƙarfi daban-daban, ka buɗe masa nasa layi a takardarka.

Wannan kwari na rami na 17 kuwa ya ci waɗanda suka fi mu. A gasar Open ta 1978, Tommy Nakajima na Japan ya hau girin da bugu 2, ya gara ƙwallon ta gangara cikin kwarin, sai da ya yi bugu 4 kafin ya fito, ya tashi da 9. A shekarar 2000 David Duval ma bugu 4 ya yi a cikinsa a ranar ƙarshe. Kwarin ƙarami ne mai zurfi da miƙaƙƙen bango, ƙasar da ke kewaye da shi kuma tana janyo ƙwallo zuwa cikinsa, bayan girin ga hanya ga katanga. A nan rigakafi ya fi magani. Da sandunan kyauta, bugunka na biyu zai zo ne da doguwar sanda wadda ba ta tsayar da ƙwallo, don haka kada ka nufi tuta ko kaɗan. Ka nufi gaban girin ta ɓangaren dama, ko ma ka tsaya kafin girin a dama, inda kwarin ba ya tsakaninka da rami, daga nan ka gara ko ka yi fanci. Bugu 5 a wannan rami ba asara ba ce ga ɗan Amateur. Idan kuwa ka riga ka faɗa ciki kuma ƙwallon tana dab da bango, ka juya alamar saiti gefe ko baya inda bangon ya fi gajarta, ka fito da bugu ɗaya.

Wannan tunani ya shafi kowane rami. Kafin ka tunkari girin, ka duba taswira ka ga ɓangaren da tuta ta matsa, ka tabbata idan ka kuskure za ka kuskure ne ta ɗaya ɓangaren mai faɗi, inda za ka sami filin da ƙwallon za ta sauka ta yi gudu. Haka nan a rami mai ƙa'idar bugu 5 da ba za ka iya kaiwa da bugu 2 ba, kada ka tura ƙwallon iya ƙarfinka ta tsaya a yadi 33 cikin ciyawa mai zurfi. Ka lissafa ka bar wa kanka tazarar da ta yi daidai da cikakken bugun ɗaya daga cikin wejinka, a kan gyararren fili.

Idan ka kammala awon ƙaramar wejin, ka kawo lambobin nan zauren, na sauka da na tsayawa, tare da sunan ƙwallon da saurin girin da ka yi amfani da shi. Daga su za mu ga inda giɓi yake tsakanin sandunanka, mu kuma gaya maka ko weji mai digiri 60 ce ta fi dacewa da jakarka ko mai 64.